Gyaɗar Madam Viviane

Yayata Ummuhani ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a gidanmu, haka muka taso muka ga uwarmu tana yi. Amma Adda, kamar yadda muke kiran ta, ta kai kunyar nan inda ko tsofaffin unguwa sai sun ce ta yi yawa. Munir ya girma, ya tara gemu, yana jigilar kaya a babur tsakanin Garwa da Mayo-Oulo, amma a bakinta har yanzu "wancan" ne. In za ta ba shi tuwo, sai ta ajiye kwano ta juya ta gaya wa bango cewa mai jin yunwa ga abinci nan. In ya daɗe a hanya bai dawo ba, sai ta zo ta tsaya a kaina tana faɗa a kan tsintsiya ko a kan gishiri, har in gane in ɗauki waya in kira shi. Ni na goya shi, shi ya sa take ce mini "ɗanki". Shi kuma yana ce mini Yafendo, wato ƙanwar uwa, ita yana ce mata Adda kamar kowa.

Ni Fatime ba ni da haƙuri, duk unguwarmu ta Roumdé Adjia an sani. Na sha gaya mata cewa wata rana yaron nan zai ɗauka da gaske ba ta son shi. Sai ta ce in tafi in ji da keken ɗinkina.

Ta hanyar adashinmu na matan kasuwa maganar inshorar lafiya ta shigo mana, abin da a nan muke kira asurans. Tsari biyu ne. Ƙarami yana da araha, yana biyan ganin likita da rabin magani, amma ban da gado, ban da tiyata. Babba yana ɗaukar komai, shi kuma kuɗinsa na mutum ɗaya ya kusa na gida guda a ƙarami. Sau ɗaya ake biya a shekara, a wata guda ake buɗe rajista, in ya wuce sai baɗi. Kowacce ta ce kada ka zaɓa da ka. Ka je wajen Madam Viviane, mai yi wa kamfanin rajista, ta ƙiyasta maka abin da asibiti zai ci a kan kowane mutum naka a shekara, a wannan tsari da wancan, sannan ka ga wanda ya fi maka sauƙi.

Ba ta amfani da takarda a wannan aiki, don yawancinmu ba mu yi lakwal ba, wato makarantar boko. Farantin gyaɗa take da shi. Takan ja layi biyu da alli a kan tebur, na sama ƙaramin tsari, na ƙasa babba. Mai biya ya faɗi suna, ita kuma ta ajiye gyaɗa a gurbin mutumin, kowace ƙwaya kuɗi ne da asibiti zai ci. Mata suna yabon ta cewa lissafinta ba ya kuskure. Ta ce wa wata zazzaɓi biyu da cire haƙori, haka kuwa aka yi, har haƙorin.

Abin da ban so ba shi ne labarin maƙwabciyata Zenaba. Bara ta faɗi sunan mijinta Abdelkerim, Madam ta bar gurbinsa na sama wayam, ko ƙwaya ɗaya. Zenaba ta yi murna, ta ce ai shi ƙarfe ne, ba ta ma tsaya ganin layin ƙasa ba, ta biya ƙarami ta fito. Da damina ciki ya murɗe shi. Ya kwanta a gida yana cewa zai wuce, gado tsada. Bai wuce ba. A zaman makoki Zenaba ta kama hannuna ta ce a hankali, "Fatime, ba ta yi kuskure ba fa. Ko dala asibiti bai ci a kansa ba." Na ce mata ta daina saɓo, gyaɗa ce kawai. Na faɗa da ƙarfi, don ni ma in ji.

Tun rasuwar mijinta Malam Ayuba, Adda ce ke riƙe da gida da bandar kifin da take saro daga Lagdo. Shekara ta yi tana ƙulla kuɗin asurans a bakin zane. Abin da ta tara ya isa a sa kowa a ƙarami, da rarar da za ta ɗaga mutum ɗaya zuwa babba. Ta ce in raka ta ko za a yi Faransanci.

Muka je da rana tsaka a cikin bazara, irin zafin Garwa da ke sa kwalta ta yi laushi. Ofishin ɗaki ɗaya ne bayan wani kantin magani. Akwai fanka a sama amma ba ta juyawa, ga shi kuwa ɗakin da sanyi kamar cikin randa. Gumina ya bushe nan take, ban ji daɗin haka ba. Madam Viviane siririya ce, mai farin gilashi, ba za ka iya cewa ga shekarunta ba. Ta gaishe mu da Fillanci, da ta ji mun amsa da Hausa sai ta koma Hausa. Mata uku na zaune a benci suna jiran layi, kunnuwansu duk a kanmu.

"Hajiya, ke ce mai biya?" ta tambayi Adda.

"Ni ce."

"To ke za ki faɗi suna. Mu fara da ƙanana."

Adda ta ce Hisham, autanta. Madam ta ajiye ƙwaya uku a sama, uku a ƙasa. Ta ce Zulfa. Biyu a sama, biyu a ƙasa. Na lura ba ta kallon mu in tana ajiyewa, ba ta kallon farantin ma. Hannun ne ke tafiya shi kaɗai.

"Waɗannan ƙarami ya ishe su," in ji ta. "Babba asarar kuɗi ce a kansu. Sai ke."

"Ummuhani."

Hannun ya je kan layin sama ya tsaya, ya wuce bai ajiye komai ba. Ya koma faranti ya cika, ya zo layin ƙasa ya zube. Tsibi guda.

Adda ta yi dariya. "Kin gani ko, Fatime? Ni ai ba na ciwo."

Ni ban yi dariya ba. Na san ciwon kan da take ɓoyewa, na san ƙwayoyin da take saya wajen mai tallar magani ta haɗiye a bayan rumfa.

"Madam," na ce, "wane irin lissafi ne wannan? Mutum ɗaya, a sama ba ya cin komai, a ƙasa ya ci tsibi?"

"Lissafi ne mai sauƙi," ta ce, muryarta ba hawa ba sauka. "Mai ƙaramin kati in babban abu ya same shi, ba ya zuwa lopital ganin likita. Yana zama a gida ya ga ko zai wuce. Mai jira ba ya cin kuɗin kowa."

"To ke duba kike yi?"

"Ni ba na duba. Shekaru nake kallo, da sana'a, da idon mutum."

Na juya wajen Adda na ce magana ta ƙare, rarar nan tata ce, a sa ta a babba mu tafi. Har ta fara kwance bakin zane. Sai Madam ta ce, "Saura ɗaya."

Sai a lokacin na ga ta riga ta bar gurbi na huɗu a ƙarshen layi. Babu wanda ya gaya mata mu nawa ne a gida.

Adda ta dubi ƙofa. "Akwai wancan. Mai babur. A sa shi a ƙarami kamar sauran."

"Sunansa?"

"Munir," na ce da sauri.

"Ba daga bakinki ba. Mai biya."

"Ɗan fari ne, Madam. Kin zauna a garin nan, kin san ba a faɗa."

"Na sani. Amma ba na buɗe dosiyen rajista da 'wancan'. In ba za ta faɗa ba, sai a bar shi a waje, ba sama ba ƙasa."

Matan benci suka zuba mata ido. Ɗaya daga cikinsu tsohuwa ce da ta san uwarmu. Adda ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na ɗauka tashi za ta yi, don na san taurin kanta, ya fi ƙarfin nawa. Ta daɗe tana kallon gurbin nan na ƙarshe. Can ta buɗe baki, muryar ta fito a shaƙe, kamar ba tata ba.

"Munir."

Tsohuwar benci ta sunkuyar da kai. Ni kuwa, da na yi shekaru ina yi mata gori a kan wannan, sai na ji kunya ta kama ni kamar na ga tsiraicinta.

Hannun Madam ya je layin sama. Na roƙi Allah a zuciyata ko ƙwaya ɗaya ce ta faɗo. Ya wuce. Ya koma faranti, bai ɗiba ba, ya ɗaga farantin gaba ɗaya ya juye abin da ya rage a gurbin ƙasa. Wasu ƙwayoyi suka gangara suka faɗo ƙasa, muna jin ƙararsu a siminti.

Gurbi biyu wayam a sama, rarar kuɗi ta mutum ɗaya. Ko jaki ya iya wannan lissafin.

Adda ta gyara zama, ta saki mayafin, ta ɗaure fuska irin yadda take yi in mai saye ya taya kifi da wulaƙanci.

"A sa wancan a babba," ta ce. "Ba ya jin magana, kullum yana titi kamar wanda aka kora. In ya karye ni za a bari da wahala. Ni ina zaune a rumfa, me zai same ni?"

"Adda, kin ga naki gurbin."

"Na gani. Gyaɗa ce fa, Fatime. Ba ke kika ce wa Zenaba ta daina saɓo ba?"

Raina ya ɓaci. Na tashi na fita na bar ta tana biya. Zafin waje ya mare ni, na tsaya a gindin wata darbejiya ina rawar sanyi.

Da ta fito sai ta miƙo mini katinsa ba ta dube ni ba. "Ki ba ɗanki. Ki ce ke kika yi masa."

"Zan gaya masa gaskiya, ya nemo kuɗin naki."

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya. "In kika gaya masa, babur zai sayar. To me su Zulfa za su ci? Ki rantse ba za ki faɗa ba." Ba ta bar ni na ɗaga ƙafa ba sai da na rantse.

Na sayar da 'yan kunnena, na roƙi a ba ni kwasar adashi kafin lokacina, aka ce an riga an yi wa wata alkawari. Abin da na haɗa ya ɗan haura rabi. Na kai wa Madam na ce ta riƙe, zan cika. Ta ce kamfani ba ya karɓar rabi. Ta faɗa ba tare da mugunta ba, kuma da ma da mugunta ta faɗa, da na samu wanda zan zaga. Wata ya ƙare, aka rufe rajista.

Munir ya karɓi katin yana dariya, ya ce Yafendo ta fara tsufa, ta fara tsoro. Ya sa a aljihu tare da takardun babur. Ya ce da ma ya san in dai wani zai tuna da shi a gidan nan, ni ce. Adda tana tsakar gida tana jere kifi a kwando, ko gezau ba ta yi ba.

Da damina ta yi nisa aka kira ni daga Guider. Ciki ne ya kama shi a hanya, da zazzaɓi. Abokan sana'arsa sun ce ya sha ƙwaya ya kwanta zai wuce. Shi ma da haka zai yi, sai ya tuna akwai kati a aljihu, ya ce bari ya ci kuɗin Yafendo kada su tafi a banza. Suna duba shi suka sa shi a mota zuwa Garwa. Hanjinsa ne ya huje. A ranar aka yi masa aiki, likitan ya ce da ya ƙara kwana a gida, da ba wannan maganar ake ba.

Ya daɗe a kwance. Duk tsawon jinyar nan Adda ba ta taka cikin ɗakin ba. Kullum takan zo da kunu ta zauna a waje a ƙarƙashin bishiya, ta ba ni in shiga da shi. In na fito sai ta ce, "Mutanen ɗakin sun sha?" In ce sun sha. Ta ce, "Da yawa?" Munir ya taɓa tambaya ta ko Adda ta zo. Na ce tana waje. Ya juya fuska wajen bango ya ce ta koma kasuwa mana, ai ta fi shi daraja a wajenta.

Ya warke, ya koma kan babur. Ni kuwa tun daga nan na zama mai gadi. In ta yi tari sai in miƙe. In ta daɗe a banɗaki sai in je in buga ƙofa, ta zage ni. Na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa ta da limamin unguwa, a kan ta je a auna jininta kawai, tunda ƙaramin kati yana biyan wannan.

"In na je za su ce gado," ta ce, "gadon kuma ba ya cikin nawa. To me zan je in ji?"

Na riƙa ƙirga watanni ina cewa in dai muka kai bazara, za a sake buɗe rajista, in ga ƙaryar gyaɗa. Mun kusa. An kwashe auduga, zafi ya fara dawowa. Wata rana bayan la'asar ta dawo daga kasuwa ta ce kanta ya yi nauyi, bari ta ɗan kishingiɗa kafin ta ɗora tukunya. Ta jingina da bango, mafici a hannunta. Ina ɗinki ina ba ta labarin wata da ta hana ni kuɗin aiki, ina ta zuba, har na lura maficin ya daina motsi.

Ba mu kai ta ko'ina ba. Babu inda za a kai ta.

Ban ce komai a kan gyaɗa ba a zaman makoki. Zenaba ta zo ta zauna kusa da ni, ita ma ba ta ce ba. Munir ya yi abin da ɗa ke yi, ya karɓi gaisuwa, ya raba sadaka, idonsa a bushe. Wannan bushewar ta fi komai ci mini rai, ga rantsuwa ta ɗaure mini baki.

Da aka buɗe rajista, shi ya zama mai biya. Ya ce in raka shi, har da ni zai sa. Ɗakin yana nan da sanyinsa, fankar tana nan ba ta juyawa, an cika farantin. Ya zauna a kujerar da Adda ta zauna, ya fara gabatar da kansa.

"Na san sunanka," in ji Madam.

"Yafendo ta gaya miki bara, da ta yi mini kati."

"Ba na karɓar suna sai daga bakin mai biya. Mahaifiyarka ce ta biya."

Ya yi ɗan murmushi irin na wanda ya kama mutum da kuskure. "Madam, kin haɗa ni da wani. Ita ba ta faɗin sunana."

"Ta faɗa, a nan inda kake zaune, mutane suna ji. Kuɗin babban tsari na mutum ɗaya gare ta, na nuna mata nata gurbin da naka, ta zaɓa." Ta ɗauki alli ta fara jan layi. "Sau ɗaya nake buƙatar a faɗi suna. Amma da ƙanwarta ta fita, sai mahaifiyarka ta ce in nuna mata inda aka rubuta shi a katin. Ta ɗora yatsa a kai ta sake faɗa. Ta yi ta faɗa har na gama buga hatimi. Ban hana ta ba."

Wannan ni ma ban sani ba.

Munir ya ciro katin daga aljihu. Ya tsufa, gefensa ya lanƙwashe, ruwan damina ya taɓa shi. Ya daɗe yana kallon wajen sunan. Sannan ya juyo gare ni, fuskarsa ta koma ta yaron da na goya.

"Yafendo, yaya ta faɗe shi?"

Na buɗe baki. Sunan da nake kira tun yana cikin zanen goyo, na kira shi da faɗa, na kira shi da wasa, ran nan ya ƙi fitowa. Ban iya muryarta ba, kuma babu sauran wanda ya iya.

Madam Viviane ta jawo farantin gabanta. "Kai ne mai biya," ta ce masa. "Faɗi na farko."

Ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Fatime."

Na ji hannunta ya shiga cikin gyaɗar. Na juya na kalli taga, ban waiwayo ba har ta gama.